Gwangwanin Kwalta na Ƙarshe

Gwangwani uku na kwalta Gidaɗo ya zo da su Manchester, da mata ɗaya, da 'ya'ya biyu, da akwati biyar. Mutanen da akwatunan rana ɗaya suka sauka. Gwangwanayen kuwa sai da suka sha yawon ofisoshi kafin a sake su, don takardunsu sun fi na iyalin gaba ɗaya kauri. Ranar da suka iso jami'a, Gidaɗo ya tsaya a kansu yana shafa murfi kamar mai duba sabuwar karsana.

Ba irin kwaltar da ake malala wa titi ba ce. Ɗanya ce, yadda Allah ya ajiye ta a ƙasa can wajen Ondo, baƙa ƙirin, ga kauri. Ka kifar da gwangwanin ka tafi sallah ka dawo, za ka tarar ko motsi ba ta yi ba. Akwai mai a cikinta, mai yawa ma, amma ba ya bin bututu, abin da ba ya bin bututu kuwa ba ya isa matata. Dabarar ita ce a dafa ta. A kai zafi sama da digiri ɗari huɗu, sai ta saki jiki, ta tsinke, ta koma mai gudu. Matsalar kuma ita ce wadda duk mai tuƙa tuwo ta sani: wuta ta yi yawa, ko tukunya ta daɗe a kai, sai gindi ya kama. Wani baƙin abu mai tauri kamar gawayi yake fitowa daga kwaltar ya manne a cikin bututu, yana ƙaruwa yana matse hanya, har wata rana dole a kashe wuta a tsaya kankara. Turawa suna da sunan da suke kiransa. Hajo, matar Gidaɗo, tun ranar da ya yi mata bayani ta ce, "Wato ƙanzo," kuma sunan da ya bi shi ke nan a gidan. In mata suka tambaye ta a wurin suna me maigidanta yake karanta, sai ta ce digiri na uku yake yi a kan ƙanzo. Su yi ta dariya, ita ko a jikinta.

Mutumin ƙasar Gombe ne, haihuwar ruga, wajen Dukku. Dogo ne siriri, maganarsa ƙasa-ƙasa, in ya tsaya jiran bas a Gorton sai ka ga ya ɗora ƙafa ɗaya a kan ɗaya kamar mai tsaron garke. Boko ya kai shi Zariya, aiki ya kai shi matatar mai, a can ya fara ganin ƙanzo ido da ido. An yanko wani bututu da ya kamata dunƙulen hannu ya shige, sai ga shi yatsa ma da ƙyar. Abin ya tsaya masa a rai. Ya koma koyarwa, ya yi ta neman tallafin karatu, bai samu ba sai da ya haura arba'in.

Duk inda ya je kuwa yana ɗauke da abin da aka dasa masa a ruga, wato kunya. Ranar da suka je rajista wurin GP, wato likitan unguwa, matar da ke kan tebur ta tambaye shi sunan babbar 'yarsa. Gidaɗo ya dubi silin, ya dubi takalminsa, ya dubi Hajo. Hajo ma 'yar farinta ce, sai ta dubi bango. Ƙarshe yarinyar ce da kanta ta ce sunanta Zinatu. A gidansu ba a kama sunan ɗan fari, ba a cin abinci gaban suruki, ba a kuma ce wa babba ya yi kuskure. Yakan ba da labarin shekarar da Baffa, wato mahaifinsu, ya sayo wa shanu kanwa a hannun wani fatake da ya yarda da shi. Kanwar ba ta da kyau, maruƙa suka fara ramewa, kowa ya gani, ba wanda ya buɗe baki. Sai yayan Gidaɗo ya kama maraƙin da ya fi kowanne ramewa, ya ɗaure shi a gindin bishiyar da Baffa yake zama da hantsi. Baffa ya zo ya zauna, ya dubi maraƙin, ya daɗe yana dubansa. Washegari buhun kanwar ya ɓace. Ba wanda ya yi wa wani gyara, ba wanda ya ji kunya.

Wannan ne mutumin da aka haɗa da Farfesa Alfred.

Farfesa tsoho ne, kansa fari fat, a keke yake zuwa aiki ko ana ruwa. Tun ranar farko ya ce wa Gidaɗo, da Turanci, "Ka riƙa kirana Alfred kawai." Gidaɗo ya ce, "To, Prof." Sunan Farfesa ya fita ne a kan wani gari mai launin toka da ya haɗa tun yana saurayi. In aka barbaɗa kaɗan a cikin mai mai kauri kafin a dafa, ƙanzo yakan yi jinkirin kamawa. An gwada a kan man ƙasashe da dama, ya yi aiki. Abin da aka ɗora wa Gidaɗo shi ne ya nuna cewa garin yana aiki a kan kwaltar gida ma.

Yadda ake gwajin, duk wanda ya taɓa ganin suyar gyaɗa zai gane. Ana zuba kwalta kamar cikin kofin shayi a wani guntun bututun ƙarfe, a toshe baki biyu, a binne shi a cikin yashi mai zafi. In lokaci ya cika a ciro, a sanyaya, a tsiyaye abin da ya narke, a wanke, sannan a tsaga bututun gida biyu a ga abin da ya manne. Gidaɗo ya fara dafa kwaltar ita kaɗai, ya ga ƙanzonta, ya auna. Sannan ya yi bismilla ya barbaɗa garin Farfesa. Da ya tsaga bututun, ƙanzon ya fi na farko kauri.

Nan take ya san laifin wa ne: nasa. Ko bai wanke bututun da kyau ba, ko hannunsa ya yi rawa wurin awo. Ya sake. Ƙanzo. Ya canja ma'auni, ya canja ruwan wanki, ya sake. Ƙanzo. Kowane guntun bututu sai ya naɗe shi a takarda ya tura can ƙarshen durowa. In Farfesa ya tambaye shi yaya aiki, sai ya sunkuyar da kai ya ce ana ci gaba, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Shi Farfesa a al'adarsu ɗalibin da ke da matsala yakan faɗa, wanda ya yi shiru lafiya yake. Shi kuma Gidaɗo a tasa al'adar, malamin da ya ga ɗalibi yana sunkuyar da kai ya san akwai magana. Haka suka yi ta gaisawa cikin mutunci, gwangwani na farko ya ƙare.

Shekarun tsuke bakin aljihu ne. Ɗakin karatun unguwa ya rage ranakun buɗewa. Gidan renon da Hajo take kai ƙaraminsu Nuru, hukumar gari ta rufe shi. Tuni dama suka baro Fallowfield da hayaniyar ɗalibai suka koma Gorton, inda haya ta fi sauƙi. A jami'a ma, mutumin da ke kula da tanderun yashi ya yi ritaya, ba a ɗauki wani ba, aka sa wa ɗakin kwaɗo. Farfesa ya roƙi wani abokinsa a Birmingham, aka yarda Gidaɗo ya riƙa zuwa can jifa-jifa yana amfani da nasu. Sai ya zama yana hawa doguwar mota da kwalbar kwalta a jaka, an naɗe ta a tsohon zanen Hajo.

A zuwansa na farko ya shiga bas ɗin da ba nasa ba. Ya tsaya kusa da direba yana waya da Hajo, yana gaya mata shi fa ya ɓata. Sai ya ji murya daga bayan gilashin direba, ana kiransa da sunan da ake tsokanar Fulani da shi.

"Agwai, ina ka baro shanun?"

Ya juya. Wani kakkauran mutum ne da rigar kamfanin bas, yana murmushi, idonsa a kan titi.

"Kai kuma wane ne?"

"Bartholomew. Tibi ne ni, ɗan Binuwai, tashin Kaduna."

Gidaɗo ya kashe wayar a hankali. "Ashe nan ka gudo. Ina shanun da kakana ya ba kakanka kiwo?"

"Mun cinye tuntuni. Nemi wuri ka zauna, garin nan akwai iska, kada ta ɗauke ka."

Wasa ne tsoho tsakanin Fulani da Tibi, sun gaje shi ne ba su ƙirƙira ba. A shekarun nan labaran da ke fitowa daga Binuwai ba masu daɗi ba ne, kowannensu yana da wanda yake kira a waya gabansa na faɗuwa. Ba su taɓa zama sun tattauna wannan ba. Wasan suka riƙe, suka riƙe shi da kyau. Daga ranar, in Gidaɗo ya zo Birmingham, a gidan Bartholomew yake sauka a Handsworth, a ɗan ɗakin sama mai kallon titi. Angelina, matar gidan, tana aiki a gidan kula da tsofaffi. Takan sayo nama a wurin mahautan Musulmi, kuma ta ware tukunya guda da yaranta suke kira tukunyar Malam. Hajo ta ce ranar da ta fara ganin mijinta a gidan nan ba ta gane shi ba: yana ɗaga murya, yana ƙyaƙyata dariya, yana neman ƙarin miya da bakinsa. Abokin wasa shi kaɗai ne mutumin da ake ajiye kunya a ƙofarsa kamar takalmi.

Gwangwani na biyu a Birmingham ya ƙare. Na uku ya yi ƙasa, ya yi ƙasa, har cokali ya fara taɓa gindi. Sai ga saƙo cewa su ma za su kwance tanderunsu a ƙarshen zango, saura zama ɗaya za a ba shi. Kwaltar da ta rage ba ta fi ta dahuwa ɗaya ba. A aiko da wata daga gida, takardu kaɗai za su cinye abin da ya rage na tallafin karatun. In wannan ta ƙone a banza, Gidaɗo zai koma Gombe da mata ɗaya, da 'ya'ya biyu, da akwati biyar, babu digiri.

Ranar Asabar da safe Hajo tana naɗe kwalbar a zane ta ce, "Injiniya, wannan ce ta ƙarshe ko?"

"Ita ce."

"In ta yi ƙanzo fa?"

"Allah zai kawo mafita."

"Allah ya kawo." Ta ƙulle bakin zanen. "Yarinyar nan dai ta gaya wa duk 'yan ajinsu babanta zai sa hula mai igiya ta masu digiri."

Ya karɓi kwalbar ya sa a jaka. Ita kuma ba ta ƙara ba, don 'yar ruga ce, ta san abin da ke riƙe da harshensa, kuma da ita ce, ba ta san yadda za ta yi ba.

Ranar Lahadi, da su Bartholomew suka dawo daga coci, Angelina ta kirɓa sakwara. Gidaɗo ya yanki loma biyu ya tsame hannu.

"Malam Gidaɗo, miyar ce ba ta yi ba?" in ji Angelina.

"Ta yi, Madam. Allah ya yi albarka."

"Ƙyale shi," in ji Bartholomew. "Bai saba da abincin mutane ba. Kawo masa nono a ƙwarya." Ya dube shi da kyau. "Kai, Agwai. Kullum ka zo da kwalba, kullum ka koma fuska kamar an kwashe maka garke. Me kake dafawa ne a lab ɗin nan da ba ya nuna?"

Da wani ne ya tambaya, da Gidaɗo ya ce lafiya lau. Amma abokin wasa ne. Sai ya kwashe komai ya faɗa: garin Farfesa, da ƙanzon da ke ƙaruwa maimakon ya ragu, da guntayen bututu goma sha huɗu da ke kwance a durowa.

Bartholomew ya lashe yatsa. "Tsaya in gane. Ba garin, ƙanzo kaɗan. Da garin, ƙanzo da yawa."

"Haka nake samu. Amma hannuna ne. Akwai abin da nake yi ba daidai ba."

"Goma sha huɗu duk hannunka ne?"

"Mutumin nan tun ban shiga sakandare ba yake aikin nan."

"Ni fa ban yi uni ba," in ji Bartholomew, "amma in na ɗauki mota birki bai kama ba, na canja takalmi bai kama ba, na canja safa bai kama ba, ba zan ce ƙafata ce ba. Supervisor ɗin naka me ya ce?"

Gidaɗo ya dubi kwanon.

"Bai sani ba?" Angelina ta ajiye ludayi. "Haba, Malam."

"Madam, malamina ne. Ya girmi yayana. Shi ya tsaya mini aka ba ni gurbi, shi ya roƙa mini wurin nan da aka rufe namu. Garin nan shi ne sunansa a duniya. Da wane baki zan ce masa bai yi ba?"

"Da wanda kake zagina da shi," in ji Bartholomew.

"Kai ai ba mutum ba ne, ɓarawon shanu ne."

"To madalla. Tunda ni ba ni da kunya, shanunku ma na ci ban ji komai ba, bar mini aikin. Laraba ba ni da shift. Zan sa rigar aiki, in hau mota in je Manchester, in ƙwanƙwasa ofishinsa in ce, Baba, garinka ƙanzo yake yi, ɗan Fulaninka ya kusa mutuwa da zurfin ciki."

Gidaɗo ya ɗago kai da sauri. "Ba za ka yi ba."

"Angelina, zan yi ko ba zan yi ba?"

"Zai yi," in ji Angelina. "Ya taɓa tsayar da fasto ana tsakiyar wa'azi."

Gidaɗo ya hango tsohon a zaune, wani baƙo da bai taɓa gani ba yana gaya masa a tsaye abin da ɗalibinsa ya ɓoye masa. Wannan ya fi kowace rashin kunya muni. A ce malaminka ya ji kuskurensa a bakin ɗan hanya.

"Wai ku," in ji Bartholomew yana jawo kwanon Gidaɗo gabansa, "in babba ya yi kuskure, yaya kuke gaya masa?"

"Ba ma gaya masa."

"Sai ku bar shanun su mutu?"

Gidaɗo ya buɗe baki zai ba shi amsa, sai maraƙin nan da yayansa ya ɗaure a gindin bishiyar Baffa ya faɗo masa a rai. Ya daɗe yana kallon tebur. Sannan ya miƙa hannu ya janye kwanonsa daga gaban Bartholomew.

"Sakar mini abincina, maye."

Washegari a ɗakin gwaji ya yi abin da bai taɓa yi ba. Maimakon ya zuba kwaltar duka a bututu ɗaya ya sake gwada sa'arsa, sai ya nemi ƙananan bututu biyu sababbi, iri ɗaya, ya raba ta biyu daidai. Kasada ce, don rabin da ƙyar ya isa, kuma in ɗaya ya yi yoyo shi ke nan. Ya roƙi ma'aikaciyar da ke kula da tanderun ta auna garin da hannunta, ta zuba a ɗaya da hannunta, ta toshe su da hannunta. Ta dube shi da mamaki, amma ta yi. Aka binne su gefe da gefe a yashi ɗaya, wuta ɗaya, aka ciro su tare. Shi dai yana tsaye da hannuwa a baya, ƙafa ɗaya a kan ɗaya, bai taɓa komai ba. Da aka tsaga su, wanda babu gari ƙanzonsa siriri ne kamar ɓawon albasa. Mai garin kuwa ya yi kauri kamar ɓawon rogo.

Ba hannunsa ba ne. Ya tsaya yana jira ya ji daɗi, sai ya ji tausayin tsohon ya rufe shi.

Ya manna wa kowanne 'yar takarda, ɗaya "da gari", ɗaya "babu gari", ya naɗe su a zanen Hajo. Da ya koma Manchester bai biya gida ba. Ya ƙwanƙwasa ofishin Farfesa, ya gaishe shi, ya tambayi lafiyar iyali, ya tambayi ƙafar da ke damunsa, har ya tambayi keken. Sannan ya kwance zanen, ya ɗauki bututun biyu da hannu biyu, ya ajiye su a kan tebur, daidai inda tsohon yake ajiye kofin shayinsa. Ya ja da baya ya zauna a bakin kujera, idonsa a ƙasa.

Farfesa ya ɗauki na farko ya duba. Ya ɗauki na biyu. Ya karanta takardun. Ya cire tabarau ya goge ya mayar, ya kai bututun bakin taga, ya sa farce ya kankari ƙanzon. Ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar motoci a ƙasa.

"Wa ya auna garin?" ya tambaya.

"Ma'aikaciyarsu, Prof."

"Wannan ne karo na farko da ka ga haka?"

"An ɗan jima ana gani."

"An ɗan jima." Farfesa ya juyo. "Akwai wasu ke nan. Kawo su."

Gidaɗo ya je ya kwaso abin da ke durowa. Farfesa ya jera su a kan tebur da kansa, ya ture littattafai, layi ya kai har ƙarshen katako. Fuskarsa ta yi ja. Gidaɗo ya ce a ransa yau mai faruwa ta faru, ya kunyata dattijo.

"Kwalta nawa ta rage?"

"Ta ƙare, Prof."

"Gwangwani uku." Tsohon ya zauna daɓas. "Ni nan ina zaune ina cewa ɗalibina mai natsuwa ne. Me ya sa ba ka faɗa mini ba tun a bututu na biyu?"

Gidaɗo ya sunkuyar da kai. Ba shi da Turancin da zai ɗauki amsar.

"Ka ɗauka zan ji haushi?" Farfesa ya sake ɗaukar mai kaurin, kuma a nan muryarsa ta canja, ta koma ta yaron da aka ba sabon abin wasa. "Na gaji da ganin garin nan yana yin abin da na ce. Yau ga abin da ya ƙi. Akwai wani abu a kwaltarku da babu a sauran, kuma yana cikin ƙanzon nan. Ba ka zubar da ko ɗaya ba?"

"Ko ɗaya."

"To ba ma bukatar tanderu kuma. Abin da za a dafa ka riga ka dafa. Za mu kankare su ɗaya bayan ɗaya mu ga me ke ciki. Digirinka ga shi nan a kan tebur." Ya nuna shi da bututun. "Amma da sharaɗi. Ka dube ni ka ce: Alfred, ka yi kuskure."

Gidaɗo ya ɗago ido har zuwa maɓallin rigar tsohon, iyakar inda ya iya kaiwa ke nan.

"Prof," ya ce, "kwaltar ce ba ta jin magana."

Dariyar da Farfesa ya yi har sakatariya ta leƙo.

Sauran watannin a kankara suka tafi. Gidaɗo ya rame, Hajo ta ce ya koma kamar maraƙin Baffa. Bai gano komai da komai ba, amma ya gano isasshe: a wane zafi garin yake juyawa ya zama abokin ƙanzo, da alamar abin da ke cikin kwaltar da yake jawo haka. Suka rubuta tare, Farfesa ya dage sunan Gidaɗo ya zo a gaba, Gidaɗo ya dage ba zai shiga gaban malaminsa ba, sai da tsohon ya aika da takardar bai sake nuna masa ba.

Ranar sa hula mai igiya, Zinatu ta yi ta ɗaukar hoto tana ba da umarni da Turancin Manchester da ubanta ba ya kama rabinsa. Bartholomew ya zo daga Birmingham da babbar riga, Angelina da kula biyu na abinci. Farfesa ya miƙa wa Bartholomew hannu ya tambayi ko shi ɗan'uwan Gidaɗo ne.

"Ubangidansa ne ni," in ji Bartholomew.

"Bawana ne, Prof," in ji Gidaɗo. "A gado na same shi."

Farfesa ya dubi wannan ya dubi wancan. Bai taɓa jin ɗalibinsa ya yi magana da ƙarfi haka ba.

Gidaɗo ya koma gida yana koyarwa. Ɗalibansa sun ce yana da wata ɗabi'a: in ɗalibi ya sunkuyar da kai ya ce ana ci gaba, sai ya tashi ya ce, "Mu je in ga durowarka." Bututun nan biyu na ƙarshe kuwa ba su bi shi ba. Mai siririn ƙanzo yana kan teburin Farfesa, yana danne takardu da shi. Mai kaurin yana Handsworth, a kan kanta, tsakanin hoton auren su Angelina da agogo. In baƙo ya tambaya, Bartholomew yakan ce wani Bafulatani ne ya zo ƙasar Turawa ya ƙona tukunya, aka ba shi dakta. In suka yi waya, Gidaɗo yakan ce masa ajiya ce ya ba shi, kada ya cinye.